Cikin da Ya Zauna a Kan Tsohon Ɗinki

Ina gaishe ku da sunan Yesu, wanda ya tsayar da ni a kan ƙafafuna yau.

Sunana Ladi. Yawancinku kun san fuskata, ko da ba mu taɓa hira ba. Ni ce mai zama a bencin baya, kusa da ƙofa. Dutse nake fasawa a bayan Naraguta, tsakuwar da tifa ke kwasa zuwa wuraren gini. Ban saba tsayawa gaban mutane ba, kuma ba ni da daɗin baki. Ku yi haƙuri da yadda maganar za ta fito.

Wasu a nan sun ji an ce na zubar da ciki. Na san an faɗa. Ban zo yin faɗa da kowa ba. Na zo in faɗi abin da Ubangiji ya yi mini, kuma ba yadda zan faɗe shi ba tare da na bi ta kan wannan maganar ba.

Haihuwata ta fari yanka ni aka yi. Na yi naƙuda a gida har ƙarfina ya ƙare, kafin a kai ni asibiti yaron ya gaji. Namiji ne. An ciro shi bai yi kuka ba. Ban gan shi ba. Kafin in farfaɗo, mijina Bitrus da 'yan'uwansa sun riga sun binne shi. Abin da na koma gida da shi dogon ɗinki ne a ƙasan marata.

Daga nan shiru. Shekara ta bi shekara. Sa'o'ina duk aka daina kiransu da sunansu, wannan Maman wane, waccan Maman wance. Ni har yau Ladi nake. Ranar taron zumuntar mata idan ana yi wa masu ciki addu'a, sai a ce su haihu kamar matan Ibraniyawa, ba wuƙa, ba ɗinki. Kowa ya ce amin. Ni ma in ce amin, hannuna a kan marata. Ba wanda ya taɓa zagina. Amma na gane cewa a idon mutane, macen da aka yanka bangaskiyarta ce ta gaza. Sai na rufe bakina. In zo sujada, in fita kafin a fara gaishe-gaishe. A wurin dutse na fi samun sauƙi, don can ba mai tambayata komai.

Bitrus direban tifa ne. Ba mugu ba ne, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Amma mun kai inda zai shigo ya ci tuwo, ya kunna rediyo, in kwashe kwano, hirar ke nan. Yayarsa, Yaya Saratu, ita ta riƙe shi bayan rasuwar uwarsu. Kun san ta, tana cikin manyan zumuntar nan, kuma na gaya mata zan ambaci sunanta. Zan faɗi gaskiya a kanta: ba wanda ya yi azumi saboda ni kamar ita.

Sai wata damina jinin wata bai zo ba. Na ɗauka tsufa ne ya fara. Da aka gwada fitsarina a kilinik, aka ce ciki ne.

Yaya Saratu ce ta sanar a zumunta. Wasunku kuna wurin. Aka ɗauko tulun kiɗa, aka ja ni tsakiya, aka yi rawa ana zagaye ni. Tun da na shigo ikilisiyar nan ban taɓa tsayawa a tsakiya ba sai ranar. Bitrus ya fara dawowa da kifi a leda. Ya fara magana. Har ya tambaye ni ko ɗakin ba zai yi wa jariri sanyi ba.

Ba a daɗe ba na fara ganin jini kaɗan-kaɗan. Ba ciwo sosai. A kilinik suka ce in je babban asibiti a yi mini hoton ciki. Na tafi ni kaɗai, don ban so in tayar wa kowa da hankali ba.

Likitar mace ce, yarinya a kaina, tana jin Hausa. Ta daɗe tana kallon talabijin ɗin da ke nuna ciki. Ta fita ta kira wani, suka kalla tare. Sannan ta jawo kujera ta zauna kusa da ni.

Ta ce, "Mama, cikin nan bai shiga inda ya kamata ba. Kin san lokacin da aka yanka ki, ba fata kaɗai aka ɗinka ba, har da mahaifa. To a kan wancan ɗinkin na ciki ya zauna."

Na ce, "To a tura shi ciki mana."

Ta ce, "Ba a iya turawa. Ya riga ya kama wurin. Kuma wurin ya yi siriri kamar ɓawon albasa. Yana girma yana turowa waje, ta wajen mafitsara. Ranar da ya yage, jini zai zuba a cikinki. Daga Naraguta kafin a kawo ki nan, ban yi miki alkawari ba."

Akwai wani ɗan abu a talabijin ɗin yana ƙyafta-ƙyafta. Na nuna shi da yatsa na ce, "Wancan fa?"

Ta ce, "Zuciyarsa ce."

Na ce, "Wato in kashe shi."

Ta ce, "Mama, ba zai kai ba. Ko an bar shi ba zai kai ba. Ke ce za a iya ceta."

Na ɗaura zanena na fita. Tana kirana ban juyo ba.

Da na gaya wa Bitrus, sai ya fita ya ɗauko yayarsa. Ta zauna a bakin gado ta saurare ni har na gama.

Ta ce, "Matarmu, likita Allah ne?"

Na ce a'a.

Ta ce, "Cikin da muka yi shekaru muna roƙo, Allah ya ba da shi, sai kuma ya manta inda zai ajiye shi? Wuƙa ta shiga gidan nan sau ɗaya. Me ta bar mana?"

Na dubi Bitrus. Yana kallon ƙasa ya ce, "Idan kika sa aka taɓa cikin nan, ba da hannuna ba."

A makon ya karɓi aikin kai yashi Abuja, ya tafi. Ina ganin gudu ya yi, don shi ma tsoro yake ji. Matan zumunta suka zo sau ɗaya, suka yi mini addu'a da ƙarfi, suka shafa mini mai a ciki, suka ce in riƙe bangaskiya. Suka tafi. Ɗaki ya rage ni da abin da ke cikina.

Kwanakin nan ba na so in tuna su. Idan na tashi da safe sai in duba zanena. Idan na tsuguna sai in ji kamar yanzu ne. In bar shi, in mutu tare da shi. In cire shi, in zama uwar da ta kashe ɗan da ta yi shekaru tana roƙo. Mutuwar ba ta ba ni tsoro kamar ɗayan ba. Na saba da wahala. Amma in tsaya gaban Ubangiji da jinin ɗana a hannuna, wannan ne ban iya ɗauka ba.

Na koma wurin dutse, don zaman ɗaki ya fi ƙarfina. Ba wani aiki nake yi ba, in buga sau biyu in ajiye guduma. Wata rana da tsakar rana hadari ya haɗu, sauran mata suka gudu neman mafaka. Ni na zauna a kan tarin tsakuwata. Ba kowa, sai tsohon ramin haƙar kuza cike da ruwa a ƙasa.

Ni ban iya doguwar addu'a ba. Abin da na faɗa ke nan. Na ce, "Yesu, kai ka ba ni, kai ka san inda ya zauna. Kowa ya faɗi tasa ya tafi gida. Ni ba zan iya zaɓa ba. Idan zai rayu, ka raya shi, ko da ni zan tafi. Idan ba zai rayu ba, ka ɗauke shi da kanka. Kada ka sa shi a hannuna."

Ban ji murya ba. Ban ga haske ba. Ruwa ne kawai ya sauko ya jiƙa ni. Amma na tashi daga wurin kamar wadda aka sauke wa kaya.

Bayan 'yan kwanaki jinin ya ƙaru, har ya gangaro ƙafata. Na lallaɓa zuwa bakin titi, shagon Madam Uche, wata Inyamura mai sayar da kayan masarufi, inda nake sayen sabulu da gishiri. Ba 'yar ikilisiyarmu ba ce, ba ma wata ƙawata ba ce. Ta ga ƙafata ta jefar da abin da ke hannunta.

Ta ce, "Ladi, kai yana hauka? Kai zai mutu a gaban shagona? Ina mijin?"

Na ce yana Abuja.

Ta ce, "Abuja! To Abuja zai zo ya ɗauke ka?"

Ta ja ƙofar shago ta kulle, ta tare tasi, ta tura ni ciki.

A asibiti, likitar nan ce dai. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta sa abin hoton, ta duba, ta sake dubawa. Ni ma ina kallo. Ina neman ɗan abin da ke ƙyaftawa. Babu.

Ta ce, "Mama, zuciyar ta tsaya. Da alama ta kwana biyu da tsayawa."

Na ce, "Na gode, Yesu."

Nas ɗin da ke wurin ta juyo ta dube ni kamar mahaukaciya. Ba ta san abin da na roƙa ba. Bayan na faɗi haka ne kuka ya zo. Kukan da ban yi wa na fari ba, a ranar na yi wa su biyun.

Likita ta bar ni na gama. Sannan ta ce har yanzu ban fita daga haɗari ba, dole a cire abin da ya rage kafin wurin ya yage. Ta ce a da sai an tsaga ciki, wani lokaci ma har a cire mahaifar gaba ɗaya. Amma akwai wani babban likita da ya dawo daga koyo a ƙasar waje da wasu kayan aiki, ba su daɗe da farawa ba.

Ta ce, "Ba za mu tsaga ki ba. Hudawa za mu yi."

Na ce, "Ku huda? To da me za ku gani?"

Ta ce akwai ƙaramar kyamara a bakin wani ƙarfe siriri kamar kara. Za a sa ta ta cibiya, a hura iska ciki ya buɗe, su riƙa kallo a talabijin suna aiki da wasu ƙarafa biyu. Ta ce idan jini ya fi ƙarfinsu, dole su tsaga, kuma mahaifar tana iya tafiya. Ban gane duka ba. Na ce su yi.

Ta ce, "Mijinki fa?"

Na ce ba ya nan.

"Wani naki?"

Na ce babu. Na dangwala yatsana.

Madam Uche ta koma shagonta, tana da yara. Aka ba ni gado. Da lokacin ziyara ya yi, kowane gado ya cika da mutane, masu kular abinci, masu filas, masu lemu. Ni na juya fuskata bango. Uwar wadda ke gadon kusa da ni ta tambaye ni, "'Yata, naki ba su iso ba?" Na ce suna hanya.

Ɗakin tiyata sanyi ne da shi, ya fi sanyin Jos. Kafin su sa mini abin barci na ce a zuciyata, "Yesu, ba kowa a waje yana jirana. Kai ka jira."

Da na farka, abin da na fara yi shi ne na kai hannu ciki. Na san yadda ciwon tsagawa yake, ina jiransa. Ban ji shi ba. Filasta uku na taɓa, ƙanana, ɗaya a cibiya, biyu a gefe. Kafaɗata ce ma ke ciwo. Na ce wa nas sun yi kuskure, sun yi aiki a kafaɗa. Ta yi dariya ta ce iskar da aka hura ce, za ta wuce.

Likita ta zo ta ce sun cire shi, sun yanke tsohon ɗinkin da ya lalace, sun sake ɗinkawa daga ciki. Ta ce, "Mahaifarki tana nan." Ta ce da suka buɗe ido a ciki, wurin saura ƙiris ya yage. Washegari na taka da ƙafata zuwa banɗaki. Ba a jima ba suka sallame ni.

'Yan'uwa, a nan ne wata wahalar ta fara.

Kun san yadda muke yi. Macen da aka yi wa tiyata takan daɗe a asibiti. Ta dawo a sunkuye, tana riƙe da ciki, mutum biyu na tallafe da ita. Mata su raba kwanaki, wannan ta kawo kunu, waccan ta dafa ruwan zafi, wata ta yi wanki. Haka aka yi mini a na fari. To ni a wannan karon maƙwabta sun ga na sauko daga tasi a tsaye, ledar kayana a hannuna. Na tafi da ciki, na dawo ba ciki, kuma ina tafiya kamar wadda ta dawo daga kasuwar Farin Gada.

Yaya Saratu ta zo da mata biyu, da filas na kunu. Suka zauna.

Ta ce, "An ce tiyata aka yi miki."

Na ce e.

Ta ce, "Mu gani."

Na ɗaga riga. Suka sunkuyo su uku. Ɗayar ta ce, "Wannan ai filastar wanda reza ta yanka ce."

Yaya Saratu ta ce, "Ladi, na ga tiyata a rayuwata. Ke ma kin gani, ga ta nan a ƙasa, doguwa. Yaya za a ciro ɗa ta nan? Ki ji tsoron Allah ki faɗi inda kika je."

Na ce mata zuciyarsa ta tsaya kafin a taɓa ni. Na ce akwai kyamara. Da na ji kalmar a bakina, ni kaina na san ba ta yi kama da gaskiya ba. Mai fasa dutse tana cewa an sa mata kyamara a ciki. Suka dubi juna. Suka tashi. Sun bar kunun. Filas ɗin ya daɗe a ɗakina, ba wanda ya zo karɓa.

Ba wadda ta sake zuwa. Ni na ɗebo ruwana, rabin bokiti rabin bokiti. Ni na koma asibiti ana ɗibar jinina ana gwadawa, har suka ce komai ya sauka. Madam Uche kaɗai ke leƙowa idan ta rufe shago. Ita an yanka ta sau uku. Ta ce in nuna mata, ta duba, ta ɗaga tata rigar ta nuna mini nata.

Ta ce, "Duba ni, sun fasa ƙofa sau uku. Kai sun shiga ta taga. Kuma kai yana kuka?"

Ranar na yi dariya har wurin ya yi mini zafi.

Na dawo sujada da na sami ƙarfi. Benci ɗaya, wuri ɗaya, sai dai yanzu akwai fili a gefena. Ba wanda ya kira ni gaban dattawa. Da an kira ni ma da ya fi, da na sami inda zan yi magana. Gaisuwa ce kawai ta gajarce.

Bitrus ya dawo bayan damina. Labarin ya riga ya same shi a can. Ya kwana biyu bai tambaye ni ba. Rana ta uku ya ce in nuna masa. Filastar ta daɗe da fita, sai tabo uku kamar na ƙuraje. Ya sa yatsa a ɗaya ya ce, "Nan?" Na ce nan. Ya ce, "Wa ya zauna da ke?" Na ce ba kowa. Ya fita tsakar gida ya daɗe. Bai ba ni haƙuri da baki ba, ba halinsa ba ne. Amma bai sake karɓar aikin nesa ba. Yaya Saratu kuwa har yau ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ba ta yarda ba. Tana gaishe ni, ina gaishe ta.

Abin da ya rage in faɗa muku shi ne ranar jibin Ubangiji na farko bayan na dawo. Tun safe nake tunanin ko in zauna a gida. Na zo. Dattijon da ke zagayawa da gurasa ya bi benci-benci har ya iso baya. Da ya zo gabana ya tsaya. Bai miƙo ba, bai wuce ba. Na ga kawuna suna juyowa. Na ji a jikina cewa idan na sunkuyar da kai, zai wuce, kowa ya huta, kuma maganar ta tabbata ke nan har abada.

Sai na tuna wanda yake wurin a kan tsakuwa, da wanda yake wurin da likita ta ce zuciyar ta tsaya. Shaidata ɗaya ne, kuma teburin nasa ne. Na miƙa hannu na ɗauka. Na ci.

Tun daga ranar na daina jiran kowa ya yarda.

Na ga wasu suna leƙen bayana ko akwai goyo. Babu. Likita ta ce in jira wurin ya warke sosai, na jira, har yanzu shiru. Ko zai zo, ko ba zai zo ba, ban sani ba. Ban zo da jariri ba. Na zo da raina, da mahaifata, da hannun da ba jini. Ukun nan Yesu ne ya ba ni, kuma ina gode masa.

Mata, wadda aka taɓa yankawa, idan kika ga ciki ya shiga, ki je a yi hoto da wuri. Wannan ba rashin bangaskiya ba ne. Ku kuma, idan mace ta dawo daga asibiti hannu wofi, ku je. Ko ba ku gane abin da aka yi mata ba, ku je ku zauna.

Wadda kuma take ita kaɗai yau, ba mai jin ta, ki gaya wa Yesu yadda abin yake, da irin bakin da kike da shi. Ni guntuwar addu'a na yi masa a cikin ruwan sama, ya ji. Ki dogara gare shi.

Iyakar maganata ke nan. Yabo nasa ne. Amin.